Yadda Ake Maido wa Tsohon Inabi Ƙuruciyarsa: Jagora ga Masu Lambu a Zamfara

Shekarar da na karɓi lambun kawuna a wajen Talata Mafara, inda ruwan madatsar Bakolori ke shayar da gonaki, na tarar da inabi layi uku a ƙarshen filin. Rumfar ta karkace, ganye ya taru can sama ya yi cunkus, ƙasan kuwa rassa ne baƙaƙe masu kauri sun sarƙe da juna. Abin da muka tsinka a shekarar bai cika kwando biyu ba. Na yanke shawarar tuge shi in zuba albasa. Ranar da na zo da masu diga, wani dattijo da lambunsa ke maƙwabtaka da namu ya leƙo ta kan shinge, ya ce, "Ɗana, mi kaka shirin yi?" Na ce, "Baba, ai ya gama yayinsa." Ya shigo, ya durƙusa, ya kankare ɓawon gindin da farce, sai ga kore shar. Ya ce, "Wanga icce bai mutu ba, kainai na yat tsuhwa."

Duk abin da zan faɗa a nan a kan maganar nan ya tsaya. Dukiyar tsohon inabi tana cikin ƙasa. Saiwar da ta yi shekara goma tana ratsa ƙasa ba a sayenta a kasuwa, amma kan itacen, wato gangar jiki da hannaye da rassa, ana iya sare shi a gina sabo cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Inabi itace ne mai tsawon rai. A fadar Hamton Kot da ke kusa da Landan akwai wanda aka dasa a 1768 kuma har yau yana 'ya'ya, a birnin Maribo na ƙasar Sulobeniya kuma akwai wanda ya haura shekara 400. Namu na nan ba zai kai haka ba, domin a ƙasar zafi inabi ba ya samun barcin da sanyin Turai ke tilasta masa, yana aiki ne shekara cur, shi ya sa yake saurin gajiya. Duk da haka, wanda ya kai shekara goma ko sha biyar ya fara ja da baya, galibi gyara yake nema.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin ka taɓa zarto. Inabi ba ya fitar da nono, wato curin 'ya'yansa, a jikin tsohon icce. Nonon yana fitowa ne a sabon tohon da ya ɓullo daga idon tsabgar da ta ƙosa a zangon da ya gabata. Idan aka bar itacen ba aski, kowace shekara tsabgogin nan suna ƙara nisa da gindi, ruwa da abinci suna bin doguwar hanya mai cike da tabo da ruɓa kafin su isa, su kuwa idanun da ke cikin inuwa ba sa ɗaukar fure. Sai ka ga ganye ya cika rumfa, mai gida yana murna da inuwa, 'ya'ya babu.

Zagayen dubawa

Kada ka fara da sara. Ka ɗauki wuƙa da fartanya da ɗan fenti kala biyu, ka bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya. A kowanne ka kankare ɓawo a wuri uku: can sama, tsakiya, da dab da ƙasa. Inda ka ga kore da danshi, akwai rai. Inda ka ga ruwan ƙasa a bushe, nan ya tafi.

Sai ka zaɓi hannu ɗaya mafi muni ka yanke shi a gicciye, ka dubi fuskar yankan. Lafiyayyen icce fari ne mai ɗan ratsin ruwan madara daga baki har tsakiya. Idan ka ga wani yanki ya yi duhu, ya shiga daga gefe ya tsuke a tsakiya kamar yankan kankana, cutar gangar jiki ce. Naman gwari ne ke kawo ta, yana shiga ta raunin aski, ya riƙa cin icce a hankali yana gangarowa, shekara da shekaru kafin ganye ya nuna alama. Wani lokaci tsakiyar ta yi laushi tana marmashewa kamar soso. Babu feshin da ke warkar da iccen da ya riga ya kamu, magani shi ne a yanke a ƙasa da inda cutar ta tsaya. A wajenmu kuma gara tana bin irin wannan mataccen icce ta shige ciki, har mutum ya ɗora mata laifin duka, alhali ruɓa ce ta buɗe mata ƙofa.

Daga nan ka tona gefe ɗaya na gindin, kamar kamu ɗaya daga jikinsa, zurfin taƙi guda ko biyu. Ƙananan saiwoyi farare ko masu ruwan ƙasa mai haske, masu ƙarfi idan ka ja su, albishir ne. Idan sun yi baƙi, fatarsu tana saɓulewa, ƙasar tana tsami, ruwa ne ya kwanta masa. Idan sun yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, tsutsar saiwa ce, irin wadda masu tumatir da kuɓewa suka sani. Ƙulli kaɗan ana iya zama da shi. Idan saiwar duk ta zama carbi, ka cire rai.

Akwai kuma wanda ba a ɓata masa lokaci. Itacen da kowace shekara gefen ganyensa ke nannaɗewa ƙasa, tsakanin jijiyoyin ya yi ja ko rawaya su kuma jijiyoyin suna kore, 'ya'yan ba sa nuna sosai ba sa zaƙi, ana zargin cutar bairos. Tana cikin jikinsa duka har saiwa, duk tohon da zai fito da ita zai fito. A tuge shi, kuma kada a ɗebi iri a jikinsa.

Abu na ƙarshe da za ka nema shi ne gaɓar aure. Yawancin inabin da ke gidaje da lambunanmu daga yankan reshe aka dasa shi, saboda haka duk abin da ya tsiro daga gindi iri ɗaya ne da na sama. Amma akwai masu aure, musamman waɗanda aka sayo daga manyan gonaki. Turawa sun rungumi auren inabi ne bayan wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa da ya fito daga Amurka ya hallaka gonakin Faransa tun daga shekarun 1860, suka koma ɗora nasu a kan saiwar inabin Amurka. A Indiya kuma ana yin sa saboda fari da gishirin ƙasa da tsutsar saiwa. Gaɓar tana nan kamar kumburi a jikin gangar, sama kaɗan da doron ƙasa. Idan itacenka mai aure ne ka sare shi a ƙasa da gaɓar, abin da zai tsiro maka na daji ne, ganye zalla ko 'yan 'ya'ya masu tsami. Ka yi wa gaɓar zobe da fenti don kada ɗan aiki ya yi maka ɓarna.

In ka gama, itatuwanka sun kasu: masu lafiyayyar gangar jiki da hannaye kawai suka lalace, masu ruɓa a ganga amma saiwa garau, da waɗanda za a tuge. A lissafina, idan na tugewa sun haura rabin layi, gara a sabunta layin baki ɗaya.

Yaushe?

Ba a babban yanka da damina. Naman gwarin nan da ruwan sama yake watsuwa, ɗanyen rauni kuma ƙofa ce a buɗe. Ni na fi son ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, ko da zarar an gama tsinkar 'ya'yan shekarar. Iska a bushe take, raunin zai kame da wuri, sanyin hunturu ya fara sassautawa, ido zai fashe ba jinkiri, kuma sabon tohon zai samu wata huɗu yana girma kafin ruwan Yuni ya sauka da cututtukansa. Sharaɗin shi ne ruwan ban-ruwa tabbatacce a Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wanda rijiyarsa ke ƙafewa da bazara, ya jira ƙarshen Oktoba bayan ruwa ya ɗauke, ƙasa na da sauran danshi. Zai ga tohon yana tafiyar hawainiya a Disamba, amma zai tsira.

Kada a yi wa lambu duka a shekara ɗaya, sai in mai shi yana da wata hanyar abinci. Kashi ɗaya cikin uku bana, kashi ɗaya baɗi. In an yi kuskure a na farko, an koyi darasi da araha.

Mako biyu kafin ranar, a ba itatuwan ruwa sosai, a nome ciyawa, da zarar an yi yankan kuma a gyara rumfa. Wannan ne kaɗai lokacin da za ka sauya dirkar da gara ta cinye, ka ja waya ta miƙe, ba tare da ganye ya tare ka ba. Tsayin rumfa kamar mita biyu ya wadatar, yadda mutum zai yi aiki a ƙarƙashinta ba sunkuyo.

Yankan

Kayan aiki: zarto mai kaifi, almakashin aski, wuƙa, bokitin ruwan Hypo ko Jik kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara don tsoma ƙarfe bayan kowane itace, da abin shafe rauni. Adda ba ta cikin lissafi. Tana tsaga icce, tsagar kuma ita ce ɗakin ruɓa da gara. Na ga itatuwa da yawa da saran adda ya kashe, aka ce tsufa ne.

Wanda hannayensa kawai suka lalace, aikinsa da sauƙi. Ka nemo lafiyayyar tsabga mai kaurin fensir da ta fito kusa da kan gangar, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Ka datse tsohon hannun gaba da inda ta fito kaɗan, ka kwantar da ita kan waya a madadinsa, ka ɗaure. In babu irin wannan tsabgar, ka datse hannayen ka bar taƙi guda kowanne, ɓoyayyun idanu za su fashe.

Mai ruɓa a ganga shi ne babban aiki. Ka fara kwance rassan daga rumfa kana yankawa gunduwa-gunduwa, kada nauyinsu ya fizgi gangar ya tsaga ta. Sai ka yanka gangar daga sama, ka dubi fuskar. Akwai duhu? Ka sauko taƙi guda ka sake. Haka za ka yi ta yi har ka samu fuska fara tas. Ko a nan ba ka tsaya ba, domin cutar tana gaba da inda ido ke gani: ka ƙara saukowa santimita 10 zuwa 20. Sau da yawa abin da zai rage kututture ne da bai wuce gwiwa ba, wani ma taƙi biyu daga ƙasa. Zuciyarka za ta karaya in ka kalli filin. Kawuna da ya zo ya gani, salati ya yi, ya ce, "Yaro, gyara ka ce mini za ka yi ko girbi?" A mai aure, ka bar aƙalla taƙi guda sama da gaɓar. In duhun ya gangara har cikin gaɓar ko ƙasa da ita, itacen ya koma sahun na tugewa.

Yankan ƙarshe ya zama a karkace kaɗan, yadda ruwa ba zai kwanta ba, a goge bakinsa da wuƙa ya yi sumul. A shafe a ranar. Abin shafawa mafi sauƙi shi ne maganin naman gwari mai sinadarin jan ƙarfe, irin wanda masu tumatir ke saya, a dama shi da kauri kamar kunu. Wanda ya samu kayan haɗin Bodo, wato haɗin gishirin jan ƙarfe mai launin shuɗi da farar ƙasa da aka gano a yankin Bodo na Faransa a shekarun 1880, awon na shafawa shi ne kilo 1 na wannan, kilo 1 na wancan, ruwa lita 10. A jiƙa kowanne daban a robar roba kafin a haɗa, domin yana cin ƙarfe. Baƙin mai na mota da wasu ke shafawa yana ƙona ɗanyen icce, a bar shi. In kututturen ya yi ta ɗigar ruwa kwana biyu ko uku, ba komai, alamar saiwa na da ƙarfi ce. In ya tsaya a sake shafawa.

Sai a ɓare tsohon ɓawon da ke saɓule-saɓule da hannu. A ƙarƙashinsa farin ƙwaron nan mai kama da auduga ke ɓuya, wanda tururuwa ke kiwo saboda zaƙin da yake fitarwa, shi ne kuma ke yaɗa bairos ɗin da na ambata. A shafa wa kututturen ruwan farar ƙasa don kada rana ta gasa shi, tunda inuwar da ya saba da ita ta tafi. Duk abin da aka sare a fitar daga lambu a ƙone, ko a kai gida a hura wuta da shi. Tara shi a gefen shinge kiwon cuta ne.

Akwai hanyar mai haƙuri, wadda ba ta katse amfani. Idan itacen yana ɗan taɓukawa kuma akwai toho da ya fito daga ƙasan gangar, ka bar tsohon kan ya ci gaba da 'ya'yansa, ka rene tohon a gefensa har ya hau waya, baɗi ka sare tsohon. Illarta ita ce inuwar tsohon tana sa sabon ya yi tsawo ba ƙwari, dole ka buɗe masa taga a rumfar. Ga inabin tsakar gida, wanda iyali ke shan inuwarsa, ita na fi ba da shawara.

Renon toho

Cikin mako biyu zuwa huɗu kututturen zai fashe da toho, wani ya fitar da goma. Kada ka yi saurin zaɓe. Bari su kai taƙi guda, sannan ka bar biyu, ka fizge sauran da hannu tun suna da taushi. Wajen zaɓe, na ƙasa ya fi na dab da bakin yanka, domin bakin yakan bushe ya ja baya ya tafi da abin da ke kusa da shi. Kada kuma ka ruɗu da wanda ya fi kowa kauri, mai faɗi kamar an danne shi, mai dogayen gaɓoɓi. Irinsa ba ya ƙosawa da kyau. Matsakaici, mai zagayayyen jiki, shi ne abokin tafiya.

Dalilin barin biyu kowa a nan ya san shi: akuya, da iskar farkon damina. Sabon toho a jikin tsohon icce riƙonsa ba ƙarfi, iska ɗaya ta Mayu za ta ɓalle shi daga tushe. Ka kafa sanda ko gora dab da kututturen har zuwa waya, ka ɗaure tohon duk bayan taƙi biyu da tsumma ko igiyar rama, sako-sako, yadda yatsa zai shiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan kuwa maganar ba karin magana ba ce kawai, domin a kan tsohuwar saiwa tohon yana gudu ne, in ka yi mako biyu ba ka leƙa ba za ka tarar ya kwanta ƙasa ya karkace. Duk mako ka cire 'yan rassan da ke fitowa a hammatar ganye, amma ka bar ganyen kansa. In zafin Afrilu ya tsananta, ɗan zana ko karan dawa ta yamma yana hana kan tohon ƙonewa.

Idan ya wuce waya da taƙi guda, ka tsinke kansa kaɗan ƙasa da wayar. Idanu biyu na sama za su fito, ka kai ɗaya dama ɗaya hagu, sababbin hannaye ke nan. In kowanne ya kai rabin tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa, ka tsinke kansa shi ma, sai rassan gefe su fito. Cikinsu ka bar ɗaya duk bayan taƙi guda, su ne tsabgogin da za su ba ka 'ya'ya. Tohon na biyu, in na farko ya kama waya lafiya, ka cire shi, ko ka bar itacen da ganga biyu. Ni ina barin biyu a inda na san ruɓa ta taɓa yawa.

Duk furen da ya fito a wannan zangon, tsinke shi. Da wuya, na sani. Amma itacen yana cin ajiyar da ke cikin saiwarsa ne yana gina jiki, nono biyu da za ka bari don ɗanɗano daga jikin hannayen baɗi za a cire su.

Cike giɓi da sauya iri

Inda aka tuge wani, dasa ƙaramin dashe tsakanin manya yakan ba da wahala, saiwoyinsu suna ƙwace masa ruwa. Dabarar da ta fi ita ce binne reshe. Ka bar doguwar tsabga daga lafiyayyen maƙwabci, in ta ƙosa ka haƙa kwari mai zurfin santimita 25 zuwa 30 har zuwa giɓin, ka cire idanun sashen da zai shiga ƙasa, ka kwantar da ita ba tare da ka raba ta da uwar ba, ka rufe, ka ɗago kanta da ido biyu ko uku a waje, ka kafa mata sanda. Uwar tana shayar da ita har ta yi saiwarta. Bayan shekara ɗaya ko biyu ka yaye ta da almakashi. Kafin nan ka kwashe tsohuwar saiwar da ke ramin iyakar iyawa, ka bar shi a buɗe rana ta gasa shi 'yan makonni. In tsutsar saiwa ce ta kashe na farko, binne reshe a gurbin maimaita asara ne.

In kuma saiwar na da kyau amma irin ne ba ya kasuwa, mai tsami ko mai kaurin fata, a yi masa aure, kamar yadda muke yi wa mangwaro. Masu neman iri mai kyau sukan nufi yankin Kudan a jihar Kaduna, inda noman inabi ya kafu. Ka samo tsabga ƙosasshiya, ka yanka guntaye masu ido biyu, ka fiƙe ƙasan kowanne ta gefe biyu kamar bakin gatari. Ka tsaga kan kututturen zurfin ɗan yatsa, ka cusa ɗaya a kowane gefen tsagar. Sirrin duka shi ne koriyar fatar da ke ƙarƙashin ɓawon guntun ta haɗu da ta kututturen, saboda haka a gefe ake sa shi, ba a tsakiya ba. Ka naɗe da leda tamau, ka rufe saman, ka yi inuwa. Ka tsaga ɓawon gangar kaɗan can ƙasa a wuri biyu don ruwan jikinsa ya samu mafita, in ba haka ba zai nutsar da auren. In kututturen ya yi kauri da yawa, ya fi sauƙi ka bari ya yi toho, ka aurar a kan tohon in ya kai kaurin fensir. Kada ka yi tsammanin duka za su kama, ka gwada hannunka a biyar tukuna.

Ƙasa da ruwa

A makon da aka yi yanka, a haƙa kwari kamu ɗaya daga gindi, zurfin taƙi ɗaya da rabi, a gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen sai baɗi. Saiwoyin da fartanya za ta datse ƙanana za su yi sabon reshe, amma a kiyayi manya. A zuba ruɓaɓɓen takin shanu ko na tumaki, kwanon gini ɗaya zuwa biyu kowane itace, a rufe. Ɗanyen taki gayyatar gara ne, kashin kaji ɗanye kuma yana ƙona saiwa. Wanda ke da 'ya'yan dogonyaro ya daka ya haɗa cikin takin, yana rage tsutsar saiwa.

Takin zamani a yi hattara. Saiwa babba ce, kai ƙarami, ƙarfi ya riga ya yi yawa. In ka ɗura yuriya za ka samu dogayen rassa masu laushi da ba sa ƙosawa, abincin cuta. Cikin akwatin ashana ɗaya ga itace, bayan toho ya kai kamu guda, in ganye ya nuna rawaya, ya isa. In rassa sun kama waya, a koma takin da ke da sinadarin fotash, shi ke sa tsabga ta ƙosa. Tokar murhu tana da shi, amma a barbaɗa kaɗan, yawanta na ɓata ƙasa.

Ruwa ma haka. Kututturen da ba ganye ba ya shan abin da tsohon itace ke sha, mutane da yawa a nan suke ruɓar da saiwar saboda tausayi. A jiƙa ƙasa sosai, a bari samanta ya sha iska, a sake. Yayin da ganye ke ƙaruwa a ƙara. A yi kwanon ruwan nesa da jikin gangar, a rufe shi da buntun shinkafa ko ciyawa, amma kada abin rufin ya taɓa icce. A ƙasar fadama mai laka, kafin damina a fitar da magudana tsakanin layuka. Inabi yana jure ƙishi fiye da yadda yake jure tsayuwar ruwa. Na tsakar gida kuwa, a roƙi masu gida su daina zuba ruwan wanki da na wanke-wanke a gindinsa, kuma in an yi masa daɓen siminti har wuya a fasa a ba shi fili.

Damina, da askin farko

Daga Yuni zuwa Satumba aikinka tsaron ganye ne, domin ganyen damina shi ke ƙosar da tsabga. Cuta biyu ke kai hari: mai sa tabon rawaya kamar ɗigon mai a saman ganye da farin gashi a bayansa, da mai sa baƙin tabo a sabon toho har ganye ya huje. Feshin jan ƙarfe kafin su bayyana, a maimaita bisa umarnin da ke jikin maganin da kuma bayan ruwa mai yawa. In haɗin Bodo ne, na feshi kilo 1 da kilo 1 ne cikin lita 100. Wata cutar mai kama da barbaɗen toka a jikin ganye tana zuwa ne da rani, maganinta farar wuta, amma ba a fesa ta da tsakar zafi, tana ƙona ganye.

A Oktoba ka duba. In tsabgogin sun koma ruwan ƙasa, sun kai kaurin fensir, suna da tauri in ka lanƙwasa, za a iya askin 'ya'ya. In har yanzu kore ne ko sirara, ka mayar da su ido biyu ka ƙara jira, shekarar ba ta ɓaci ba. Don aski, a janye ruwa mako biyu zuwa uku, a zage ganyen da hannu, wannan shi ne ɗan barcin da muke ƙirƙira masa a madadin sanyin Turai. Sai a datse, a ba da ruwa da taki. Yawan idon da za a bari ya danganta da iri: mara ƙwallo irin Thompson Seedless idanunsa na kusa da tushe ba su cika ɗaukar fure ba, sai an bar tsabga doguwa, wasu irin kuma ido huɗu zuwa shida sun wadatar. In ba ka san naka ba, ka bar wasu gajeru wasu dogaye a itace biyu ko uku, ka ƙirga a ido na nawa nono ya fito, ka rubuta. Akwai maganin fasa ido da manyan gonaki ke shafawa, ana kiransa Dormex, guba ne mai ƙona fata, wanda bai samu horo da safar hannu ba ya nisance shi.

A wannan ɗaukar ta farko ka bar nono ɗaya a kowane toho mai ƙarfi, ka cire na raunana gaba ɗaya, jimilla kada ta wuce rabin abin da kake ganin itacen zai iya. Kimanin wata huɗu bayan aski za a tsinka, wajen Fabrairu, lokacin da ba ruwan da zai fasa 'ya'ya. Tsuntsaye da jemagu za su riga ka sanin ya nuna, ka tanadi raga ko jakar takarda. Inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, saboda haka ka ɗanɗana ƙwayar can ƙasan nono kafin ka sa almakashi.

Bayan tsinka a bar shi ya huta kamar wata guda da ɗan ruwa da taki, sai a yi aski na biyu a Maris ko Afrilu: kowace tsabga a mayar da ita ido ɗaya ko biyu daga jikin hannu. Haka manoman Nashik a Indiya ke yi, aski biyu girbi ɗaya, na bazara don gina tsabga, na kaka don 'ya'ya. Wannan askin na bazara shi ne wanda aka daina yi a lambun kawuna har itatuwan suka gudu sama. A yi shi da almakashi, a ranar da ba hadari, duk raunin da ya fi faɗin babban yatsa kuma a shafe shi kafin a tashi daga aiki.